Jinjina ga masu dalma da eriya

Wani allon lantarki ne da bai kai tafin hannu ba, amma yana ɗauke da ƙwaƙwalwar ESP32 ta kamfanin Espressif na Shanghai da rediyon LoRa, fasahar da kamfanin Semtech ya mallaka bayan ya sayi kamfanin Cycleo na Faransa a 2012. Da ƙaramin batir yana tura gajeren saƙo nisan kilomitoci, babu kati, babu data. Ba ya ɗaukar murya ko hoto. 'Yan lambobi ne kawai: ruwan tanki ya sauka, injin rijiyar burtsatse ya tsaya.

Sai dai allo ba ya aiki da kansa, kuma nan ne matasan Kano masu sana'ar haɗa shi suka cancanci jinjina. A cikin birni, lungunan Kurmi da Jakara matsattsu ne, katangun ƙasa masu kauri, ga rufin kwano ko'ina, duk suna cinye sigina. Don haka za ka ga yaro ya hau soro yana juya eriya, ya sauko ya gyara lissafi a kwamfuta, ya sake hawa. Wanda ya san gari ya san Dutsen Dala ya fi kowane bene amfani a wannan harka.

Haƙurin nan gado ne daga tsofaffin masu gyaran rediyo, waɗanda suka koya wa yara riƙe ƙarfen dalma ba tare da hannu ya yi rawa ba. Ƙura, zafin bazara, ɗaukewar wuta ana tsakiyar liƙi, duk sun saba. Allah Ya yi wa hannuwan nan albarka.