Borobudur: Littafin Dutse da Ake Farawa Daga Shafin Ƙarshe

Duk hoton haikalin Borobudur da ake tallatawa kusan iri ɗaya ne: ƙubbobin dutse masu huda-huda, hantsi yana dukansu, dutsen Merapi can nesa cikin hazo. Hoton yana da kyau, amma a ganina ya yi wa ginin rashin adalci, domin ya ɗauko ƙarshen zance ya mayar da shi zancen gaba ɗaya.

Haikalin yana yankin Magelang a tsakiyar tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya, kuma an gina shi wajen ƙarni na 9, zamanin sarakunan Sailendra mabiya addinin Buda. Ba shi da ɗakin da ake shiga. Hawa tara ne aka jera bisa tudu, shida masu kusurwa huɗu, uku na sama kewayayyu. Jikin bangonsa akwai allunan sassaƙa 2,672, daga ciki 1,460 labari suke bayarwa. Maginan sun tsara mai ziyara ya shiga ta gabas, ya bar ginin a damansa, ya kewaye kowane hawa kafin ya hau na gaba.

Nan gwanintar take. Lungunan ƙasa matsattsu ne, bango dama bango hagu, ba ka ganin komai sai sassaƙa da sararin sama. Ga haihuwar Buda, ga barinsa fadar mahaifinsa, ga jiragen ruwa masu filafilai, ga manomi da shanun huɗa, ga makaɗa da 'yan kasuwa. Lokacin da na bi lungunan, ido ya gaji da yawan siffofi tun ban kai rabi ba, kuma na fahimci gajiyar ma da gangan aka shirya ta. Sai mutum ya ƙoshi da duniya da hayaniyarta sannan bango ya ƙare, ya tsinci kansa a fili tsakanin ƙubbobi 72, babu zane ko ɗaya. Wanda ya bi matakala kai tsaye zuwa sama ya sami iska da hoto, amma bai biya kuɗin wannan shirun ba, don haka ba zai ji nauyinsa ba.

Ba na cikin masu kushe matakan kariya. Ginin ya sha wuya: a 1896 Sarkin Siyam ya tafi da sassaƙe-sassaƙe da hukumar mulkin mallakar Holan ta ba shi, a 1985 bama-bamai suka lalata ƙubbobi tara, a 2010 tokar Merapi ta lulluɓe shi. Tafin ƙafar miliyoyin baƙi ma ya cinye matakalai. Saboda haka da aka sake buɗe hawa a 2023 tare da taƙaita masu hawa zuwa 1,200 a rana, aka kuma tilasta sa takalmi na musamman mai laushi, an yi daidai. Inda nake da ja shi ne rakiyar dole cikin rukuni da ƙayyadadden lokaci. Ɗan rakiya yakan tsaya gaban 'yan alluna, ya yi bayani, ya kora ayari sama. Dutsen ya tsira, amma jerin da ke ba shi ma'ana ya tsinke, kuma Hukumar UNESCO da ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1991 ba tarin duwatsu kaɗai ta karrama ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gindin ginin. A 1885 aka gano alluna 160 a ɓoye bayan wani ƙarin gini, suna nuna aiki da sakamakonsa: mai gulma, mai kisa, mai kyauta, kowa da abin da ya girba. Kassian Cephas, ɗan asalin Jawa, ya ɗauki hotunansu, sannan aka mayar da duwatsun. Kusurwar kudu maso gabas kaɗai aka bari a buɗe. Da ni ake shawara, daga wannan kusurwa kowane ayari zai fara, a kuma ware wasu sa'o'i ga masu son kewaya hawa-hawan a hankali, ko da ba za su kai ƙololuwa ba a ranar.