Jinjina ga Masu Buga Hoto da Ƙaro

Masu buga hoto da ƙaro sun cancanci jinjina, domin gwanintarsu tana cikin awo. Ƙaron dakwara, irin wanda Sudan da Chadi da Najeriya ke fitarwa, suke kwaɓawa da garin launi da sinadarin daikuromet, su shafa a takarda, su ɗora fim, su shanya a rana. Inda haske ya taɓa sai ƙaron ya daskare, sauran kuwa ruwa ya wanke. In launi ya yi yawa takarda ta rine, in shafin ya yi kauri hoton ya ɓamɓare. Wasu na cewa hoton ba ya fita tangaran. Haka ne, amma wannan laushin ne mai buga hoto Robert Demachy ya nema a Faransa a shekarun 1890, kuma baƙin hayaƙin fitila da suke zuba wa ƙaron ba ya koɗewa.