Jinjina ga Malaman da Suka Baro Gida

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati a tsohuwar Jihar Kaduna cikin shekarun 1970, daga Zariya har Katsina, da wuya bai ratsa hannun malami ɗan Indiya, Pakistan ko Gana ba. Kuɗin fetur ya sa an yi ta buɗe makarantu, malaman gida kuwa ba su wadata ba. Baƙin nan suka riƙe mana lissafi da kimiyya.

Wahalar da ba a gani ta fi ta aji yawa. Mutum ya baro iyaye da dangi, yana zaune a kwatas, wasiƙar gida sai ta yi makonni a hanya. In NEPA ta ɗauke wuta, ya kunna fitilar ƙwai ya ci gaba da duba littattafan ɗalibai da jan biro. Ranar kasuwa uwargidansa na taya kuɓewa da 'yar gurguwar Hausarta, mai kayan miya na dariya yana ƙara mata gyara. Zazzaɓin sauro ya kayar da shi Juma'a, Litinin yana gaban allo.

Korar baƙi ta 1983 ta kwashe 'yan Gana da dama, faɗuwar naira daga 1986 ta sallami akasarin sauran. Likitoci da injiniyoyinmu masu furfura a yau, da yawansu ɗalibansu ne. Allah Ya saka musu da alheri.