Rumfar Ci da Sha ta Ƙauye a Idon Marubucin Hausa: Tsokaci Daga Kafanchan

Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe da yarda cewa duk wurin da marubuci ya zaunar da taurarinsa yana ɗauke da hukunci. A wannan ɗan tsokaci za mu dubi wani wuri da adabinmu ya yanke wa hukunci tun bai leƙa cikinsa ba, wato rumfar ci da sha ta ƙauye, irin wadda ake samu a kewayen Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi.

Yadda Rumfar Take

Ranar kasuwa mai abinci kan girka tukwanenta, ga tuwon acca da miyar karkashi, ga fate. A gefe mai tsire yana fifita wuta, can baya kuma mai burkutu tana ɗauraye ƙoƙuna. Manomin citta da ya sayar da buhunansa zai zauna benci ɗaya da direba da malamin firamare. Wanda addininsa ya hana shi giya ya ci tuwonsa ya tashi. Abin lura ga ɗalibin adabi shi ne harshe. Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Fulani kowa yana da harshensa, amma da Hausa ake ciniki, da ita ake barkwanci, da ita ake bikon wanda ya yi fushi. Wannan cuɗanya ta ƙaru tun 1927, lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo tsakanin Fatakwal da Kaduna da Jos.

Yadda Adabi Ya Kalle Ta

Mu'azu Haɗeja a "Waƙar Giya" ya ɗauki matsayin mai wa'azi, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin gargaɗi ne jigonsa. Matsalar ita ce yadda marubuta zube suka gaji wannan ido ɗungurungum. Da zarar tauraro ya doshi irin wannan rumfa, mai karatu ya san ƙarshensa: lalacewa. Wurin ba shi da ƙamshi, ba shi da hira, mutanensa ba su da suna. Ko Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare (1982), wanda ya yi ƙarfin halin shigo da Maguzawa cikin ƙagaggen labari, hankalinsa ya fi karkata ga ta'addancin Mailoma bisa ga rayuwar yau da kullum.

A ganinmu wannan rauni ne na fasaha kafin ya zama na tunani. Marubucin da bai saurari Hausar mai tuwo a Zonkwa ba, da karinta da kalmomin da ta aro daga Jju, ya yi asarar wata taska ta salo. Ya kuma bar ɗimbin masu magana da Hausa a bayan ƙofa, alhali kuwa su ma masu karatu ne.

Kammalawa

Ba kira muke yi a yabi giya ba. Kira muke yi a dubi mutum. Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 sun nuna mana abin da kan biyo baya idan maƙwabci ya koma baƙo. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to, ta marubuci a alƙalami take. Muna fatan ɗalibanmu masu aiko da labarai ga wannan mujalla za su je su zauna a kan bencin nan, su ci, su saurara, sannan su rubuta. Hukunci kuwa a bar wa mai karatu.