Limamin Ambricourt da duhun zuciya

A littafinsa Journal d'un curé de campagne (1936), Georges Bernanos bai mai da bangaskiya maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba. Matashin limamin Katolika na wani ƙauye a arewacin Faransa yana rubuta ƙuncinsa a kundi: addu'a ta gagara, mutanen gari sun juya masa baya, ciwon daji yana cin cikinsa bai sani ba. Amma shi ne ya sanyaya zuciyar matar basaraken garin, wadda ke fushi da Allah tun rasuwar ɗanta. Tasa natsuwar kuwa sai a gadon mutuwa, a Lille. Inda littafin ya gaza: Bernanos ya fi ɗaukar wannan duhu a matsayin jarrabawa, alhali mai karatu na yau zai hangi ciwon damuwa mai bukatar likita.