Tsokaci Kan Koyar da Ilimin Taswirar Kwamfuta da Manhajar QGIS a Jami'o'inmu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta auna littafin horaswa na QGIS, wanda malamai da dama a sassan labarin ƙasa suka dogara da shi, domin a ga ko ya isa ya shirya ɗalibi ya yi wa yanki irin na Funtuwa da Malumfashi aiki.

Abin Yabo

Gary Sherman ne ya fara QGIS a 2002, fitowarta ta farko cikakkiya kuwa ta zo a 2009. Manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, wato kowa na da iznin ya ɗauka, ya kwafa, ya gyara, ba tare da biyan lasisi ba, saɓanin ArcGIS ta kamfanin Esri. Haka kuma hotunan tauraron Landsat, waɗanda suka faro tun 1972, sun zama kyauta daga 2008. Ke nan an sauke wa sashe nauyin kuɗi, ɗalibi kuma na iya ci gaba da aiki a kwamfutarsa bayan ya kammala karatu. Littafin kansa ya bi darussa daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, wannan kuwa abin yabo ne.

Inda Gizo Ke Saƙa

Sai dai yawancin misalan littafin an gina su ne a kan garin Swellendam na Afirka ta Kudu, inda tituna da gine-gine da iyakoki suka zo a shirye. Ɗalibin da ya ƙware a kansu ya iya latsa maɓallai, amma bai haɗu da matsalolin ƙasarsa ba. Ga guda uku.

Na farko, girman gona. Kowane ɗigo a hoton Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015, mita 10 ne tsawo da faɗi. Saboda haka gona mai rabin hekta ɗigo 50 ce kacal. A Landsat, mai mita 30, ba ta kai ɗigo 6 ba. Manomin Malumfashi kuwa yakan haɗa dawa da wake, ko masara da auduga, a gona guda, ga kuma ɗorawa da kaɗanya a tsaye. Wane amfanin gona ɗigon zai nuna?

Na biyu, gajimare. A watan Agusta, lokacin da shuka ta fi bayyana, sararin sama ya fi rufewa.

Na uku, tushen awo. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an zana su ne bisa ma'aunin Minna, na'urar GPS kuwa tana bin WGS 84. Wanda ya ɗora wannan kan wancan ba tare da juyawa ba zai gusar da iyaka da gwamman mita, abin da ya isa ya haddasa rikici tsakanin gona da burtali.

Shawara

Laifin bai tsaya ga littafin ba, domin shi da kansa ya nuna wa malami yadda zai musanya misalan da bayanan yankinsa. Mu ne muka ɗauki sauƙi. Aikin raya noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, ya shafi Malumfashi da Bakori da Ƙanƙara da Faskari. A sa ɗalibai su kwatanta hotunan wancan zamani da na yau, su ga yadda gona ta ci daji. A kuma fita da su fage su auna gonaki da ƙafa, su tambayi masu unguwanni sunayen fadamu da burtalai.

Kammalawa

Manhajar kyauta ta buɗe ƙofa, amma ba ita ce ilimin ba. Ya rage wa jami'o'in Zariya da Katsina da Dutsin-Ma su haɗa kai su tanadi bayanan koyarwa na gida, domin taswirar da ta kuskure iyaka manomi ne ke biyan kuɗinta.