Tsoho Mai Ba da Labari: Nazari Kan Begen Ƙuruciya a Rubutun Hausa, da Misali Daga Ƙasar Gumel

Cikin littattafan hira da su ka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, akwai guda uku da su ka yi tarayya a kan dabara ɗaya, watau a zaunar da babban mutum ya riƙa ba da labarin abin da ya same shi tun ya na da sauran ƙarfi. Haka a ka gina Ruwan Bagaja, haka Ganɗoki, haka kuma Shaihu Umar, dukansu an buga su a 1934. Abin lura shi ne shekarun masu alƙalamin. An haifi Abubakar Imam a 1911, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912. Ashe samari ne 'yan shekara ashirin da kaɗan su ka ari bakin manya. Malam Bello Kagara ne kaɗai ya ɗan manyanta a cikinsu.

Dalilin wannan aro ba ɓoyayye ba ne. A wancan zamani ƙagaggen labari a rubuce baƙon abu ne, malamai kuwa su na ganinsa ƙarya ce tsagwaronta. In an sa labari a bakin mai furfura ya sami lasisin shiga zaure. Amma fa aron ya na da tsada, kuma a Shaihu Umar a ka fi ganin tsadar.

Shaihu Umar malami ne a Rauta, almajirai sun tambaye shi asalinsa, ya kwashe musu tun daga Kagara: yadda a ka yi wa Makau mijin uwarsa makirci a fada, yadda a ka sace shi ya na ƙarami, a ka kai shi Kano, Abdulkarim ya haye Hamada da shi, da yadda uwarsa ta bi sawunsa har ta faɗa bauta. Littafin ya na da nauyi, ba mai musun haka, kuma wahalar uwar nan ta na taɓa zuciya. Sai dai mai ba da labarin ba ya tuntuɓe. Ba ya mantuwa, ba ya komawa baya ya gyara zance, har ma ya kan kawo maganganun da a ka yi a inda ba ya nan. Wanda ya taɓa zama gaban dattijo ya san ba haka tunawa ta ke tafiya ba. Rawanin na tsoho ne, numfashin na saurayi.

Waƙoƙin wa'azi, irin su Imfiraji na Aliyu Namangi, wata hanya su ka bi. A wannan gida na waƙa duniya mai gushewa ce, alamun tsufa kuwa, furfura da zubar haƙora da raunin gani da dogara sanda, 'yan aike ne na kabari. Ƙuruciya lokacin gafala ce da za a yi nadama a kanta. Saboda haka jikin tsoho ya sami shiga waƙa, amma begensa bai samu ba, domin mai wa'azi ba shi da hurumin cewa wasan dandali ya yi daɗi.

Inda a ka ji muryar tsufa ta ainihi shi ne labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, a ka buga shi da Turanci a 1954, bayan Baba ta rasu a 1951. Baba ba ta jera zance kamar Shaihu Umar. Ta kan ɗauko biki ta ratse zuwa dangantaka, ta lissafa wanda ya auri wa da wanda ya mutu, ta tuna waƙar 'yammata, kana ta komo. Ta na son kwanakin ƙawaye da cin kasuwa, amma ba ta ɓoye cewa a kwanakin nan ne mahara ke kama mutane a kai su kasuwa sai an fanso su ba. Daɗin da tsoron a ƙwarya ɗaya ta dama su. Wannan ne ya ɗaga labarinta sama da yawancin abin da a ke rubutawa game da "zamanin da".

To, ina amfanin wannan ga malamin da ke tura ɗalibai su ɗauko tarihi daga bakin dattawa? Ƙasar Gumel ta isa misali. Masarauta ce ta Mangawa mai jingina da Barno, kuma ba ta taɓa zama ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Heinrich Barth ya sauka a Gumel a 1851, ya tarar da gari cike da fatake da cinikin kanwa. Da ya komo a 1854 sai ya iske rikicin gadon sarauta ya ɗaiɗaita shi. Shekara uku kacal. Wanda ya yi samartaka kafin rikicin da wanda ya yi bayansa duk za su ce "a zamaninmu", alhali kuwa ba gari ɗaya su ke nufi ba. Daga baya hare-haren Damagaram su ka rage jama'ar ƙasar ƙwarai, har zuwan Turawa a 1903.

Dattawan da ke raye yanzu a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ba su ga wannan ba. Ƙuruciyarsu ta faɗo a zamanin gyaɗa, sa'ad da jirgin ƙasa na Nguru, wanda hanyarsa ta kammala a 1930, ke tsayawa a Gagarawa. In ɗayansu ya ce da an fi samun kuɗi a kaka, kada ɗalibi ya yi murmushi ya ce zancen tsofaffi ne. Farin 1973 ya auku, cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 ta auku, dalar gyaɗa ta Kano kuwa ta ɓace. Nan begen ya na da shaida. Amma in ya ce naman kasuwar Maigatari ya fi taushi a da, ko hanyar gona ta fi kusa, ya kamata a dubi haƙoransa da gwiwoyinsa kafin a rubuta cewa shanu ko gonaki ne su ka sāke.

Kuskuren da a ka fi yi shi ne wurin shirya abin da a ka ɗauko. Ɗalibi ya kan ga ratse da maimaici da kokwanto a bakin dattijo, sai ya share su ya jera labarin shekara bi shekara, domin haka ya karanta a littattafan makaranta. Watau ya kan ɗauki Baba ya mai da ita Shaihu Umar. In an yi haka an zubar da wurin da mai magana ya tsaya ya ce a'a, ba a wannan shekara ba ne, a shekarar da fara ta zo ne, wanda sau da yawa shi kaɗai ne abin da mai tarihi zai iya gwadawa da takardun gwamnati.